Filin Tambayi Likita: kunnena na kukan gyare, ko ƙwayar ciwon jiki ce?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru a wayata kwanan nan kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato ƙarar kunne da ƙwayoyin kashe ciwo na kemis, har na fara zargin akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp da ni ne kawai bai iso wa ba. Toh na haɗa su wuri guda. Kamar kullum na cire sunaye da lambobin waya, na kuma taƙaita masu tsawo, wanda ya ga an yanke masa gaisuwa ya yi haƙuri.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni ɗan dako ne a kasuwar Dawanau, shekarata 41. Kullum in na tashi aiki jikina kamar an daka ni a turmi, sai in biya wajen wani mai kemis ya yi min haɗin maganin gajiya, ƙwaya biyar ko shida kala kala a leda, in kora da shayi. Da rana kuma in kai ya sara ina shan wannan garin maganin na cikin 'yar takarda, wata rana uku wata rana huɗu. Yau wajen sati biyu kenan kunnuwana duka biyun suna wani wiiii kamar kukan gyare, dare ya fi tsanani, kuma in ana magana sai in ji kamar daga cikin rijiya. Abokina ya ce ana ambatona ne a wani wuri, wani ya ce iska ce. Dan Allah meye gaskiyar abun?

AMSA: Yawwa ɗan'uwa sannu da fama, Allah ya sa wa nema albarka. In ana ambatonka ne toh lallai mai ambaton nan ba ya barci, sati biyu cur ba hutu. Abin da kake ji sunansa tinitus a wajen likitoci, ma'ana mutum ya riƙa jin ƙara a kunne ko a cikin kai alhali babu abin da ke yin ta a waje, wani kukan gyare yake ji, wani ƙugin taransifoma, wani kamar tukunya na tafasa. Kuma ba kai kaɗai ba ne, wani lissafi da aka fitar a 2022 ya nuna kusan kashi 14 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna fama da ita, wato sama da mutum miliyan 740.

Naka dai tun kafin in gama karanta saƙon hankalina ya tafi kan garin nan na takarda. Ka ɗauki takardar ka ba wani yaro mai boko ya karanta maka bayanta, yawancin irin wannan garin asfirin ne aka haɗa da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da shayi, kuma akwai wanda ƙunshi ɗaya tal ke ɗauke da asfirin miligiram 760. Ƙwayar asfirin ta yau da kullum miligiram 300 ce. Ka ga ƙunshi huɗu ya haura miligiram 3,000 kenan, kamar ka haɗiyi ƙwaya goma a wuni, ba mu ma zo kan ledar dare ba, wadda kai kanka ba ka san me ke ciki ba, kuma abin da aka fi zubawa a irin wannan haɗin shi ne dikulofenak da aibufurofen da firoksikam, dukkansu 'yan gida ɗaya ne da asfirin, aiki iri ɗaya suke yi a jiki, haɗa su ba ya ƙara sauƙin ciwo sai dai ya ninka ɓarnar.

Maganar asfirin da ƙarar kunne tsohuwar magana ce. Tun 1899 aka fara sayar da shi a Jamus, kuma a zamanin da babu wasu magungunan ciwon gaɓoɓi sai shi, likitoci kan ba mai amosanin gaɓɓai ƙwaya goma sha biyu ko fiye a rana, su yi ta ƙara masa har sai ya ce kunnensa ya fara ƙara, daga nan sai su rage kaɗan. Wato kunnen ne ma'auninsu, da ya yi kuka sun san jini ya cika da magani. Toh kai ma ma'auninka ne ya yi kuka.

Bari in ɗan faɗa maka yadda abun ke faruwa don ka daina zargin iska. Can cikin kunne, bayan fatar nan mai kama da ganga, akwai wani ɗan ƙashi a naɗe kamar katantanwa, cike yake da ruwa, a cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi gashi a kai, wajen 15,000 a kowane kunne. Mafi yawansu aikinsu irin na amfilifaya ne, in sauti ya shigo sai su riƙa miƙewa suna takurewa da sauri su ƙara masa ƙarfi kafin ya tafi ƙwaƙwalwa. Asfirin in ya yi yawa a jini yana shiga ya riƙe wannan motsin, shi ya sa kake jin magana kamar daga rijiya. Sannan shi da sauran 'yan gidansu suna iya rage jinin da ke isa wajen. Ita kuma ƙwaƙwalwa da ta ga saƙo ya ragu sai ta murɗa nata sautin sama, kamar yadda in tashar rediyo ta yi nisa kake ƙure murya sai ka ji shuuu ta cika ɗaki. Wannan shuuu ɗin ce gyarenka. Da rana hayaniyar kasuwa ta rufe ta, da dare gari ya yi tsit sai ta samu fili.

Labari mai daɗi a nan shi ne ƙarar da asfirin ya jawo yawanci ba ta zama, in aka daina shi takan lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku, ji ma ya dawo. Don haka ka ajiye garin nan da ledar nan tun yau, ka sha ruwa sosai domin mai aikin ƙarfi cikin rana da ma ƙodarsa a matse take, ita ce kuma ke fitar da maganin. In ciwon jikin ya hana ka sakat ka sha farasitamol, ƙwaya biyu ta miligiram 500, kar ka sake sai bayan awa shida. Kwana biyun farko kanka na iya sarawa saboda rashin kafeyin ɗin da ya saba, kar ya ruɗe ka ka koma, shayinka na safe ya isa. In sati ya zagayo ƙarar na nan ka je asibiti a leƙa kunnen a gwada jinka.

Amma fa ka saurara da kyau. In tare da ƙarar nan kana amai, ko numfashinka na fita da sauri da sauri, ko gumi na keto maka ba dalili, ko kanka ya fara ruɗewa, wannan alamar maganin ya zama guba ne a jini, ba a kwana da ita a gida. Haka in ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ciki ne ke zubar da jini. Ni wallahi a irin shan da ka lissafa kunnen ma shi ne ƙaramin abin da ke damuna, ciki da ƙoda nake ji maka. Ka roƙi a yi maka gwajin ƙoda in ka je, ka kuma tafi da ledar haɗin su gani da idonsu.

TAMBAYA: Likita mahaifiyata ce, shekarunta 63, tana da hawan jini kuma shekara biyu da suka wuce ta samu shanyewar ɓarin jiki amma alhamdulillah ta miƙe. A asibiti sun ɗora ta kan ƙaramin asfirin ɗin nan guda ɗaya kullum. Yanzu tana cewa kunnenta na ƙugi, ni kuma na ji a wani saƙo cewa asfirin na kurumtar da mutum, sai na ɓoye maganin yau kwana biyar ban faɗa mata ba. Na yi daidai?

AMSA: A'a 'yar'uwa, ba ki yi daidai ba, ko da yake na san ƙauna ce ta sa. Ki ɗauko maganin nan daga inda kika ɓoye shi ki mayar wa Mama yau ɗin nan, sannan ki faɗa wa likitanta cewa an yi kwana biyar ba ta sha ba. Wannan 'yar ƙwayar miligiram 75 ce, ba don ciwo aka ba ta ba, aikinta ta hana jini daskarewa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa karo na biyu, kuma wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki in ya yanke ta haka kawai haɗarin dawowar ciwon na ƙaruwa. Kar a gudu daga ƙugin kunne a faɗa abin da ya fi shi.

Kinga bambancin Mama da ɗan dakon can na sama kamar bambancin cokali da bokiti ne, shi yana zuba sama da 3,000 ita 75. Kuma an bincika wannan magana takamaimai. Akwai wani babban nazari da masu bincike na asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka suka fitar a 2022, ƙarƙashin Dokta Sharon Curhan, sun bi mata ma'aikatan jinya sama da 69,000 tun daga 1995 har 2017, suna tambayarsu lokaci lokaci wane maganin ciwo suke sha, kwana nawa a sati, kuma ko kunnensu na ƙara. Sama da 10,000 daga cikinsu sun samu ƙarar kunne mai naci a tsawon shekarun. Da aka zauna lissafi, matan da ke shan ƙaramin asfirin, miligiram 100 zuwa ƙasa, ko da kullum ne, ba su fi sauran samun ƙarar ba. Inda aka ga ƙari shi ne masu shan babban, miligiram 325 zuwa sama, kwana shida ko bakwai a sati, kuma 'yan ƙasa da shekara 60, su nasu haɗarin ya ɗaga da kashi 16 cikin ɗari. Toh Mama ba ta cikin wannan layin ko ta ina.

Ƙugin nata a nemi dalilinsa a wani wurin. A shekarunta ji yakan fara raguwa a hankali, musamman na siraran sauti, kuma shi ne babban abokin tafiyar ƙarar kunne. Dattin kunne da ya taru ya toshe ma yana yi, hawan jinin da bai sauka ba yana yi. Ki tambaye ta, ƙugin a miƙe yake ko kuwa yana bugawa ne dum dum dum tare da bugun zuciyarta? In mai bugawa ne ki ambata wa likita da wannan kalmar, domin binciken sa daban ne, jijiyoyin jini ake dubawa. Sannan ki leƙa jakarta da ƙarƙashin filo, iyayenmu akwai su da ajiyar maganin ciwon gwiwa da maƙwabciya ta kawo, in kika samu dikulofenak ko aibufurofen a ciki shi ne abin ɓoyewa, don yana tayar da hawan jini kuma haɗa shi da asfirin na jawo gyambon ciki. A gaida Mama, Allah ya ƙara mata lafiya.

Bari in ƙara a nan tunda muna kai, masu ciki da aka ba ƙaramin asfirin a wajen awo saboda tsoron hawan jinin ciki da jijjiga, ku ma wannan amsar taku ce, kar wadda ta yanke sai da izinin masu awo.

TAMBAYA: Ni tela ce a Maraɗi. Ni dai ba na taɓa asfirin saboda olsa, farasitamol kawai nake sha, amma gaskiya kullum ne, da asuba biyu kafin in hau keke ko kan bai fara ciwo ba, da yamma biyu. Na kai shekara uku a haka. Kunnena na ɗan yin zuuu amma ba sosai ba. Ai shi farasitamol ba ya komai ko?

AMSA: Hajiya tela, wannan "ba ya komai" ɗin ita ce maganar da na fi ji a bakin mutane, har yara ake aika su siyo shi kamar alewa. Gaskiya ne ya fi sauran sauƙi a ciki, kuma da kika guji asfirin saboda olsa kin yi dabara. Amma a nazarin nan na Amurka da na faɗa wa 'yar'uwarmu, matan da ke shan farasitamol kwana shida zuwa bakwai a sati haɗarin ƙarar kunnensu ya ɗaga da kashi 18 cikin ɗari, kusan daidai da na masu yawan shan su aibufurofen. Tun kafin nan ma masu binciken sun fitar da wani a 2010 kan maza da wani a 2012 kan mata, duka sun ga alaƙa tsakanin yawan shan waɗannan ƙwayoyi da raguwar ji. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne farasitamol na cinye wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda ke kare ƙwayoyin cikin kunne daga lalacewa.

Kar lambar ta firgita ki dai. Kashi 18 ba yana nufin cikin mata ɗari 18 za su kamu ba ne, ma'anarsa in a cikin wani taron mata da ba sa sha mutum 100 suka samu ƙarar, a cikin taro mai yawansu na masu sha kullum za a samu wajen 118. Ƙari ne ƙarami amma na gaske. Kuma irin wannan nazarin bin mutane kawai yake yi yana rubutawa, yana nuna abu biyu na tafiya tare ne, mai yawan ciwon kai da ciwon wuya da ma can ya fi wasu samun ƙarar kunne ko bai sha komai ba. Abin da ya fito fili dai shi ne matsalar tana wajen kullum kullum ɗin. Wadda ke shan aibufurofen kwana biyu ko uku a wata saboda ciwon mara, bayan ta ci abinci, ba ta haura miligiram 1,200 a rana ba, ba ita ake magana ba.

Ke abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonki shi ne "ko kan bai fara ciwo ba". Akwai ciwon kan da maganin ciwon kai ne da kansa ke haifar da shi, in mutum na shan farasitamol ko aibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, wata da watanni, kai yakan saba, da maganin ya sake shi sai ya sara, ki sha ya lafa, gobe ya dawo, ke kina ganin maganin ne ke riƙe da ke alhali shi ke juya ki. Shekara uku kina wannan zagayen. Mafitar ita ce a daina, kuma ba zan ɓoye miki ba satin farko zuwa na biyu kan zai fi da ciwo kafin ya sake ki, shi ya sa gara ki yi shi da sanin likita. Ruwa ba ya tsami banza, a nemo abin da ya fara kawo ciwon tun asali, tela mai zare allura a ɗaki mai duhu tun safe har magariba, wuya a sunkuye, ni ido zan fara aunawa, sai hawan jini, sai yawan jinin jiki, don ƙarancin jini shi ma yana kawo ciwon kai da zuuu ɗin a tare.

Sannan ki riƙa duba maganin mura da na zazzaɓi, da yawansu akwai farasitamol a ciki, mutum ya sha wannan ya sha wancan ya haura ƙwaya takwas a wuni bai sani ba, miligiram 4,000 kenan, ita ce iyakar babba mai lafiya, abin da ya wuce nan hanta ke biya.

TAMBAYA: Malam likita ni injin markaɗe da niƙa nake yi shekara goma sha ɗaya, ƙarar kunne ta daɗe da zama min jiki. Tambayata biyu ce, ɗaya akwai ƙwayar da zan sha ta kashe ƙarar? Don na gwada na ciwon kai iri iri ba ta ko gezau. Biyu in bayana na ciwo wanne zan sha da ba zai ƙara min ita ba?

AMSA: Maigida ka daina kashe kuɗinka, ƙarar kunne ba ciwo ba ce irin wanda ƙwayar kashe ciwo ke kamawa, kuma har yau babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana kashe ta, duk mai mota da lasifika da ya ce maka yana da ita a kwalba kuɗinka yake so. Taka injin ne ya yi ta. Ƙa'idar wuraren aiki ita ce sautin da ya kai ma'aunin desibel 85 kar a wuce awa takwas a cikinsa, hanya mai sauƙi ta ganewa kuwa, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka toh wurin ya kai ko ya wuce, kai kuma ka san a shagonka da hannu ake ciniki. Ƙwayoyin gashin nan na cikin katantanwa in hayaniya ta kashe su ba sa sake tsirowa, nan suka bambanta da wanda asfirin ya sumar na kwana biyu. Don haka aikinka yanzu tsare sauran da suka rage ne. Ka nemi abin toshe kunne na roba ko na soso, ko babban nan mai kama da hedifon da ma'aikatan kamfani ke sawa, ana samu wajen masu kayan gini da na walda, auduga ba ta tare komai. Yaran shagonka ma ka saya musu, su nasu kunnen bai gama lalacewa ba tukuna.

Ciwon baya kuma, fara da abin da ba haɗiya ake ba. Ruwan ɗumi a tsumma, gyara yadda kake ɗaga buhu, da maganin shafawa na dikulofenak, wanda ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini in aka kwatanta da ƙwaya. Man zafi ma ya yi, sai dai da yawansu akwai ɗan'uwan asfirin a ciki, don haka a wurin ciwon kawai, ba a yi wanka da shi ba. In dole sai ƙwaya, farasitamol ko aibufurofen, guda ɗaya daga ciki, na kwana biyu zuwa uku, ka kuma saurari kunnenka, in ka ji ƙarar ta ɗaga bayan wani magani ka rubuta sunansa ka ajiye, in ta sauka da ka daina ka gano naka kenan. Mai kunne irin naka shi ya fi kowa dacewa ya nisanci babban asfirin da haɗin leda.

Da dare kar ka kwanta a ɗaki tsit, fanka ko rediyo ƙasa ƙasa ko karatun Alƙur'ani a waya da siririyar murya, ƙwaƙwalwa in ta samu abin saurare takan saki gyaren. Kuma ka je a gwada jinka, a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro. In ji ya ragu na'urar ƙara ji takan rage ƙarar ita ma. Shayinka da goronka kuwa ba sai ka bari ba, masu binciken nan na Boston sun duba kafeyin a 2014 ba su ga yana ƙara haɗarin ba.

TAMBAYA: Ɗana ɗan shekara 12 ya yi zazzaɓin cizon sauro an yi masa allurai a wani shago an ba shi ƙwayoyi, yanzu yana cewa kunnensa na ƙara. Ko maganin zazzaɓin da na ƙara masa a gida ne?

AMSA: Baiwar Allah ba ki faɗi me kika ƙara masa ba, in asfirin ne ko garin takarda ki tsaya nan, ba a ba yaron da bai kai 16 ba asfirin, musamman cikin zazzaɓi, yana iya jawo wata cuta mai kumbura hanta da ƙwaƙwalwa. Sannan ki koma shagon ki sa a rubuta miki sunan kowace allura. Kwinin sananne ne wajen sa kunne ƙara da toshewa, kulorokwin ma yakan yi, na kwinin yakan wuce in an gama. Wadda nake tsoro ita ce jentamaisin da danginta, da ake tsira wa mutane barkatai da sunan taifot, ita in ta taɓa kunne ɓarnar na iya zama har abada. In tana cikin abin da ake masa kar a ƙara ko ɗaya sai likita ya gan shi, ki kai shi asibiti da takardar sunayen.

TAMBAYA: Shekaranjiya na tashi da safe kunnena na hagu ya toshe ɗif yana ƙara, na dama lafiya lau. Ba ciwo ba ruwa. Na ɗiga man zaitun na sha aibufurofen ba canji. In ƙara kwana nawa in gani?

AMSA: Ko ɗaya. Na ma kira lambarka jiya ba ta shiga ba, shi ya sa na sa amsar a nan ko wani naka zai gani. Ƙarar da magani ke jawowa yawanci kunne biyu take kamawa, taka ɗaya ce kuma dare ɗaya ta zo da toshewa. Tana iya zama datti ne kawai, wanda minti biyar ya isa a gani a cire, amma tana iya zama jijiyar ji ce ta tsaya farat ɗaya, ita kuma wannan ana ba da maganinta ne a kwanakin farko, in aka haura sati biyu damar dawo da jin ta ragu ƙwarai. Ga ɗan gwaji, ka rufe baki ka yi gunji mmmm, in ka ji shi ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe alamar toshewar waje ce, in kuwa ya gudu zuwa lafiyayyen kunnen toh matsalar na ciki. Kowanne ka ji dai ka tafi, kar ka ƙara ɗiga komai, kar ka sa tsinken ashana ko gashin kaza, ka wuce sashen kunne kai tsaye ka ce musu ji ne ya ɗauke a kunne ɗaya kwana biyu da suka wuce, da wannan lafazin, don kar a ba ka kati a ce ka dawo wata mai zuwa. In da jiri mai juya ɗaki, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, sashen gaggawa za ka nufa, kuma wani ya tuƙa ka.